Daga Roba Zuwa Silikon: Darasi a Kan Tiyon Ruwan Sanyaya Injin Motar Tsere

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ɗimbin kayayyakin da ke jere a ƙarƙashin murfin injin mota, da wuya a sami wanda ake yi wa kallon raini kamar tiyon ruwa, wanda wasu ke kira mesa. Baƙi ne, ba ya ƙyalli, ba ya juyawa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na sauran sassan inji. Amma duk ranar da ya fashe alhali mota tana cikin gudu, ruwan da ke sanyaya injin yakan tsiyaye cikin ƙanƙanin lokaci. Matuƙar direba bai ankara ya tsaya ba, injin da aka kashe maƙudan kuɗi a kansa zai iya zama tarin ƙarfe.

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan, inda motocin tsere suka yawaita, wato ƙananan motoci masu kujera biyu da aka ƙera domin gudu da jin daɗin tuƙi, masu irin waɗannan motoci sun daɗe da wata al'ada. Sukan cire tiyon roba da motar ta zo da shi daga masana'anta, su maye gurbinsa da na silikon, wanda galibi yakan zo da launin shuɗi ko ja. Wasu suna ɗaukar wannan canji a matsayin kariya ga inji, wasu kuwa suna ganin ado ne kawai. Wannan maƙala za ta bi diddigin al'amarin ta fuskar kimiyya. Za a duba aikin tiyo, da asalin roba da silikon, da dalilan da suka sa halayensu suka bambanta, sannan a kawo misali da wata sananniyar mota.

2.0 Zafi a Cikin Inji

Injin mota na'ura ce mai mayar da makamashin da ke ƙunshe cikin man fetur zuwa motsi. Ana cakuɗa fetur da iska a cikin silinda, tartsatsin fulogi ya kunna su, ƙarfin ƙonewar ya tura fistin ƙasa. A daidai wannan lokaci zafin iskar da ke cikin silinda yakan haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos, alhali kuwa alminiyum, wanda da shi ake zuba kawunan injuna da yawa, yana narkewa ne a digiri 660. A ƙiyasi na gaba ɗaya, kimanin kashi ɗaya bisa uku ne kacal na makamashin fetur ke zama motsi. Wani kashi ɗaya bisa uku yana fita ta salansa tare da hayaƙi, ragowar kuwa yana shiga jikin ƙarfen injin, kuma tilas ne a kwashe shi a fitar.

Ruwa ne ke yin wannan aiki, domin yana iya haɗiye zafi mai yawa kafin shi kansa ya yi zafi. Ana bukatar makamashi jul 4.2 domin ɗaga zafin giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya, wato kusan ninki huɗu na abin da giram ɗaya na iska ke bukata. Famfo yana tura ruwan ta wasu hanyoyi da aka bari a jikin inji kewaye da silinda, ya kwashi zafi, ya fita ta tiyon sama zuwa lagireto. A can yakan ratsa siraran bututu, iskar gudu ko ta fanka ta huce shi, sannan ya koma inji ta tiyon ƙasa. Akwai kuma wani bawul mai suna tamostat da ke tsare hanya har sai ruwan ya kai zafin da ake so, galibi tsakanin digiri 80 da 95, sannan ya buɗe.

Mai karatu zai iya tambayar dalilin da ya hana a haɗa inji da lagireto da bututun ƙarfe. Amsar ita ce inji yana zaune ne a kan matasan roba, yana girgiza, yana kuma ɗan karkata duk lokacin da aka taka totur, shi kuwa lagireto a ɗaure yake da jikin mota. Bututun ƙarfe ba zai daɗe ba zai tsage. Saboda haka dole a sami abu mai lanƙwasuwa a tsakani.

Bugu da ƙari, ruwan nan a matse yake. Murfin lagireto yana riƙe matsi na kimanin kilogiram 1 a kan kowane murabba'in santimita. Ruwan da a sarari zai tafasa a digiri 100, a ƙarƙashin wannan matsi ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Haka kuma ana gauraya shi da sinadarin etilin gilaikol, galibi rabi da rabi, wanda ke ƙara ɗaga matakin tafasa, ya kuma hana daskarewa har zuwa wajen digiri 37 ƙasa da sifiri. A cikin gaurayen akan zuba wasu sinadarai masu hana tsatsa. Ke nan tiyo yana fama da zafi da matsi da girgiza da sinadarai a lokaci guda, kullum aka tayar da mota.

3.0 Kamanci da Jikin Ɗan Adam

Ɗalibin ilimin halittu ba zai ga wannan tsari a matsayin baƙo ba. Jikin ɗan Adam shi ma yana ƙona abinci ya samar da zafi, yana kuma kiyaye ɗuminsa a wajen digiri 37. Zuciya ce famfo, jini ne ruwan da ke ɗaukar zafi daga tsoka da hanta, fata ce lagireto, wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamas kuwa shi ne tamostat. Idan zafi ya yi yawa, hanyoyin jinin da ke kusa da fata sukan buɗe, jini ya ƙaru a wurin, gumi kuma ya taimaka wajen fitar da zafin. Giwar Afirka ma da faffaɗan kunnuwanta take hucewa, domin cike suke da hanyoyin jini.

Kamancin ya kai har ga ginin bututun. Jijiyar da ke ɗaukar jini daga zuciya tana da bango mai hawa uku: shimfiɗa mai santsi a ciki, da tsoka da zaruruwa masu talewa a tsakiya, da riga mai ƙarfi a waje. Tiyon mota ma haka yake: roba mai santsi a ciki, saƙar zare a tsakiya domin jure matsi, sai wata robar a waje domin kariya. Idan bangon jijiya ya raunana a wani wuri yakan kumbura kamar balan-balan, kuma yana iya fashewa ba tare da gargaɗi ba. Tiyon da zarensa ya tsinke irin wannan kumburi yake yi.

4.0 Roba: Daga Itace Zuwa Masana'anta

Duk wanda ya taɓa karya ganyen tumfafiya ya ga wani farin ruwa mai kama da nono yana fita. Tsirrai da dama suna da irin wannan ruwa, kuma yana taimaka musu wajen toshe rauni da korar ƙwari da dabbobi masu cin ganye. Itacen da ya fi kowane shahara a wannan fanni shi ne Hevea brasiliensis, ɗan asalin dajin Amazon da ke Kudancin Amurka. Idan ya kai shekara 5 zuwa 7 akan fara tsaga ɓawonsa ana tarar nonon, wanda kimanin kashi ɗaya bisa uku nasa roba ce. A shekarar 1876 wani Bature mai suna Henry Wickham ya kwashi iri kusan 70,000 daga Birazil zuwa lambun Kew da ke Landan. Kaɗan daga ciki ne suka tsiro, amma daga gare su aka kafa gonakin roba na kudu maso gabashin Asiya, yankin da har yau shi ke samar da mafi yawan robar itace ta duniya, da ƙasar Tailan a kan gaba. A Nijeriya ana noman itacen a jihohi irin su Edo da Delta da Kuros Riba, kuma cibiyar binciken roba ta ƙasa tana Iyanomo, kusa da birnin Benin.

A mahangar ilimin sinadarai, roba folima ce, wato doguwar sarƙa da aka ƙulla daga dubban ƙananan zobba iri ɗaya. Zoben robar itace shi ne aisofirin, mai ƙunshe da zarra 5 ta kabon da zarra 8 ta haidirojin. Sarƙoƙin a cukurkuɗe suke kamar zaren da aka dunƙule. Idan aka ja sai su miƙe, idan aka saki su koma. Ɗanyar roba tana da babban aibi: takan yi danƙo a lokacin zafi, ta sandare a lokacin sanyi. A 1839 Charles Goodyear na Amurka ya gano cewa idan aka dafa roba da farar wuta takan daina wannan hali, domin zarrar farar wuta tana ɗaure sarƙoƙin da juna kamar matakalar tsani. Ya sami takardar mallakar wannan fasaha a 1844.

Duk da haka robar itace ba ta dace da tiyon injin zamani ba. A kowane zobe na sarƙarta akwai wani ɗauri mai ninki biyu tsakanin zarra biyu ta kabon, kuma nan ne iskar oksijin da ta ozon suke kai hari su tsinka sarƙar. Wannan ne sanadin tsattsagewar da ake gani a jikin tsohuwar taya. Bayan da Japan ta mamaye yankin gonakin roba a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta duƙufa wajen haɗa roba daga man fetur. Daga bisani binciken Karl Ziegler na Jamus da Giulio Natta na Italiya, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1963, ya buɗe hanyar samar da wata roba da ake kira EPDM. An gina ta daga iskar etilin da ta furofilin, kuma babu ɗauri mai ninki biyu a kan ƙashin bayan sarƙarta. 'Yan kaɗan da ke akwai an rataye su ne a gefe domin ɗaurin dafuwa. Saboda haka ozon ba ya samun wurin kamawa. Yawancin tiyon ruwan motocin yau da wannan roba aka yi su, kuma nagarinsu yana jure zafi na digiri 125 zuwa 150.

5.0 Yadda Tiyon Roba Ke Tsufa

Abubuwa huɗu ne suka fi kashe tiyon roba. Na farko zafi, wanda a hankali yake ƙara yawan ɗauri tsakanin sarƙoƙi har roba ta ƙeƙashe ta rasa talewa. Na biyu baƙin mai. Robar EPDM ba ta shiri da mai ko kaɗan, domin dukkansu daga kabon da haidirojin aka gina su, kuma abu yakan narke ne a cikin mai kama da shi. Idan mai yana ɗiga a kan tiyo, sai ya tsotse shi, ya kumbura, ya yi laushi. Na uku gogayya da wani ƙarfe.

Na huɗu shi ne mafi haɗari, domin daga ciki yake farawa. Inji da lagireto sun ƙunshi ƙarafa mabambanta, ruwan da ke tsakaninsu yana iya ɗaukar lantarki, ita ma robar an cakuɗa ta da baƙin garin kabon wanda ke barin lantarki ya wuce. Wannan haɗuwa takan zama tamkar ƙaramin batir. 'Yar wutar da ke gudana tana haifar da siraran tsaga a bangon ciki, musamman kusa da bakin tiyo inda ya haɗu da ƙarfe. Ruwa ya bi tsagar ya isa ga zaren, zaren ya ruɓe, alhali daga waje tiyon yana nan sumul. Dalili ke nan da ya sa ƙwararren makanike ba ya wadatuwa da kallo. Idan inji ya huce yakan matsa tiyon da yatsu kusa da bakinsa, ya kwatanta da tsakiyarsa. Idan bakin ya fi laushi, lokacin canji ya yi.

6.0 Silikon: Roba Daga Yashi

Ya kamata a bambanta kalmomi uku masu kama da juna. Silikan sinadari ne na asali, kuma shi ne na biyu a yawa a ɓawon ƙasa bayan oksijin, da kimanin kashi 28 cikin ɗari. Silika haɗin silikan ne da oksijin, wato abin da ya fi yawa a cikin yashi. Halittu ma suna amfani da ita: wasu ƙananan tsirran ruwa da ake kira dayatom da ita suke gina ƙoƙonsu, kaifin ganyen shinkafa da na rake kuma yana da nasaba da ita. Silikon kuwa folima ce da ɗan Adam ya haɗa, ba a samun ta a daji.

Frederic Kipping, wani masanin sinadarai a Nottingham ta Ingila, shi ya raɗa sunan a 1901. Ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin waɗannan sinadarai, amma a wata lacca da ya gabatar a 1936 ya nuna bai hango wani muhimmin amfani da za a yi da su nan kusa ba. Shekara huɗu kacal bayan haka, a 1940, Eugene Rochow na kamfanin General Electric ya gano hanya mai sauƙi ta haɗa su da yawa, kuma a 1943 aka kafa kamfanin Dow Corning domin sarrafa su.

Sirrin silikon yana cikin ƙashin bayan sarƙarsa. Maimakon kabon ya bi kabon, zarrar silikan ce ke bin ta oksijin, ɗaya bayan ɗaya, kowace zarrar silikan kuma tana riƙe da ƙananan rassa biyu na kabon da haidirojin. Ana bukatar makamashi kimanin kilojul 450 a kowane mol domin tsinka ɗaurin silikan da oksijin, alhali ɗaurin kabon da kabon kimanin 350 yake bukata. Daɗin daɗawa, ƙashin bayan ya riga ya ƙoshi da oksijin, don haka iska da ozon da hasken rana ba sa yi masa illa sosai. Sarƙar kuma tana da sauƙin lanƙwasuwa ƙwarai, shi ya sa silikon ba ya sandarewa ko da sanyi ya kai digiri 50 ƙasa da sifiri. Tiyon silikon mai zaren foliyesta yana jure zafi har wajen digiri 180, mai zaren aramid kuwa yana haura 200. Galibi ana naɗa shi ne hawa-hawa a kan wani ƙarfe mai siffar tiyon da ake so, da saƙar zare hawa 3 zuwa 5, sannan a gasa. Ƙa'idar SAE J20 ta ƙungiyar injiniyoyin motoci, wadda ta rarraba tiyon ruwa aji-aji, ta sanya silikon a ajin masu jure zafi mai tsanani.

7.0 Naƙasun Silikon

Kowane allazi da nasa amanu. Sauƙin lanƙwasuwar da ya ba silikon fifiko shi ne kuma tushen babban naƙasunsa. Da yake sarƙoƙin suna motsi a sake, akwai sarari a tsakaninsu wanda ƙananan ƙwayoyin iska da na tururi ke iya kutsawa. Likitoci sun ci moriyar wannan hali: ana sa silikon a gilashin da ake manna wa ƙwayar ido domin oksijin ya riƙa ratsawa, an kuma yi amfani da shi a na'urorin da ke sa wa jini oksijin. A mota kuwa wannan hali matsala ce. Tururin ruwa yana ratsa bangon silikon ninkin-ba-ninkin yadda yake ratsa EPDM. Kamar yadda ruwan randa ke raguwa ba tare da randar ta tsage ba, haka ruwan lagireto ke raguwa sannu a hankali ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba. Motar da ke shiga gasa ana duba ta kafin kowace fita, don haka abin bai dame ta ba. Motar da ake hawa kullum ba tare da buɗe murfin inji ba kuwa tana cikin haɗari.

Na biyu, silikon ma ba ya shiri da fetur da mai. Ba a amfani da shi a hanyar mai sai wanda aka yi wa shimfiɗar ciki ta musamman mai sinadarin fulorin. Na uku, yana da saurin yagewa da zarar ya sami 'yar tsaga, don haka maɗaurin ƙarfe mai huji-huji ko mai kaifin baki yana iya yanka shi. Na huɗu, ba ya manne wa bakin ƙarfe kamar yadda roba ke yi bayan ta sha zafi, saboda haka yakan yi ɗigo da sanyin safiya idan ɗaurin ya saki. Na biyar, wasu nau'o'in ruwan sanyaya inji masu daɗewa, waɗanda suka yaɗu tun tsakiyar shekarun 1990, suna ɗauke da sinadaran hana tsatsa da ke iya lalata silikon na gama-gari, sai dai a nemi tiyon da aka yi domin su. Na ƙarshe, kuɗinsa ya ninka na roba.

Abin lura a nan shi ne tiyon silikon ba ya rage zafin inji, ba ya kuma ƙara wa mota gudu. Lagireto ne ke fitar da zafi, aikin tiyo kai ruwa ne kawai. Injin da ke zafi saboda toshewar lagireto ko mutuwar fanka zai ci gaba da zafi ko da wane irin tiyo aka sa masa.

8.0 Misali da Mazda MX-5

An fara nuna wannan mota a bikin baje kolin motoci na Shikago a watan Fabrairu na 1989, ana ƙera ta a Hiroshima ta ƙasar Japan, kuma a 2016 adadin da aka ƙera ya cika miliyan ɗaya. Samfurin farko, wanda aka yi daga 1989 zuwa 1997, ya zo da inji mai lita 1.6, daga baya aka ƙara mai lita 1.8. Gangar injin ta baƙin ƙarfe ce, kansa kuwa na alminiyum. Waɗannan ƙarafa biyu ba sa buɗewa daidai da juna idan sun yi zafi, don haka idan ruwa ya ƙare kan injin yana iya lanƙwashewa, gasket ɗin da ke tsakani ya ƙone.

Yawancin motocin wannan samfuri sun kai shekara talatin ko sun kusa, saboda haka duk tiyon da ba a taɓa canzawa ba ya wuce wa'adinsa. Ban da manyan tiyo na lagireto, akwai biyu da ke kai ruwa ga na'urar ɗumama cikin mota, da wasu ƙanana da ke ɓoye a sassan injin, waɗanda su aka fi mantawa da su. A injin mai lita 1.8 akwai wata na'ura a bayan kan injin wadda idan zoben robarta ya tsufa takan ɗigar da mai a kan tiyon na'urar ɗumamawa. Idan ba a gyara ɗigon ba, sabon tiyo ma zai lalace, na roba ne ko na silikon.

To, wa ya kamata ya canza zuwa silikon? Mai kai motarsa filin gasa, ko wanda ya ƙara mata na'urar turbo wadda ke tara zafi mai tsanani kusa da tiyo, yana da hujja ta kimiyya. Wanda kuwa ke yawo da ita a titi da injinta na asali, sabon tiyon EPDM mai inganci ya ishe shi na shekaru masu yawa, tun da zafin ruwan injinsa bai kai iyakar abin da robar ke jurewa ba.

9.0 Matakan Canji

Idan an yanke shawarar canzawa, ga matakan da ake bi:

1. A bar inji ya huce sarai, sannan a tsiyaye ruwan a cikin mazubi mai murfi.
2. A kwance maɗauri. Idan tsohon tiyo ya manne, a tsaga shi da wuƙa a tsaye cikin kula, kada a murɗa da ƙarfi, domin bututun na'urar ɗumamawa na tagulla ne mai laushi.
3. A goge tsatsa da datti daga bakin ƙarfe har ya yi santsi.
4. A zura sabon tiyo ba tare da shafa mai ko giris ba. Ɗan ruwan lagireto ya isa ya sa shi santsi.
5. A yi amfani da maɗauri mai santsin ciki da lanƙwasasshen baki, ko mai sifirin da ke riƙe matsi ɗaya a zafi da sanyi. A ɗaure shi a bayan tudun da ke bakin bututun.
6. A tabbatar tiyo ba ya gogar ƙarfe, bai kuma kusanci bel ko fanka ba.
7. A zuba ruwan da ya dace da motar da kuma tiyon, a tayar da inji har tamostat ya buɗe domin iskar da ta maƙale ta fita, sannan a cike.
8. Bayan 'yan kwanaki a sake duba ɗauri, a kuma mayar da duba ruwa al'ada.

10.0 Gargaɗi

Kada a kuskura a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Da zarar matsi ya sauka, ruwan da ya haura digiri 100 zai tafasa nan take, kuma ruwa idan ya zama tururi girmansa yana ninkuwa kusan sau 1,700. Feshinsa yana saɓule fata.

Har ila yau, etilin gilaikol guba ne mai ɗanɗanon zaƙi, wanda ke jan hankalin yara da dabbobin gida. Idan ya shiga jiki, hanta tana sarrafa shi zuwa wasu sinadarai masu tsami, na ƙarshensu ya haɗu da kalsiyum ya zama ƙananan duwatsu masu lalata ƙoda. Kada a zubar da shi a ƙasa ko a kwata. Wanda ya sha shi a gaggauta kai shi asibiti ko da bai nuna wata alama ba.

11.0 Kammalawa

An ga cewa bambancin roba da silikon ya samo asali ne daga ginin sarƙoƙinsu. Ƙashin bayan kabon na EPDM yana riƙe ruwa da kyau, yana da ƙarfi da araha, amma zafi mai tsanani yana tsufar da shi. Ƙashin bayan silikan da oksijin yana jure zafi da sanyi da ozon, amma yana barin tururi ya ratsa, yana kuma da saurin yagewa. Saboda haka zaɓi ya dogara ne ga irin aikin da mota ke yi da irin kulawar da mai ita zai iya ba ta. Wannan darasi bai tsaya ga motocin tsere ba. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, matsa tiyo da yatsu da duba ruwan lagireto kafin doguwar tafiya suna iya ceton inji.

12.0 Aikin Aji

1. Malami ya sa ɗalibai su ɗaura zaren roba biyu a jikin katako a miƙe. A ajiye ɗaya a rana, ɗaya a cikin akwati mai duhu. Bayan mako biyu a duba su da gilashin ƙara girma, a rubuta bambancin da aka gani.
2. Wani tiyo yana da faɗin ciki santimita 3 da tsawon santimita 30. A lissafa faɗin bangonsa na ciki, sannan a nemo jimillar nauyin da ke tura bangon idan matsin ya kai kilogiram 1 a kan kowane murabba'in santimita.
3. A zana tsarin sanyaya inji da tsarin zagayawar jini gefe da gefe, a nuna sassan da suka yi daidai da juna.
4. A bayyana dalilin da ya sa halin da ya mai da silikon abu mai amfani ga likitan ido ya zama naƙasu a tiyon mota.